Gawar sarki ta wa ce? Tushen taƙaddamar jana'izar sarakunan Yarabawa

Ranar Lahadi 13 ga Yuli, 2025, hankalin mutanen Arewa duk yana Landan da Daura saboda rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari. A wannan rana ce kuma Allah ya karɓi ran Awujale, wato sarkin ƙasar Ijebu ta Yarabawa, Oba Sikiru Kayode Adetona, yana da shekara 91, bayan ya yi shekara 65 a kan gadon sarauta. Washegari Litinin aka yi masa sallah aka binne shi a gidansa da ke Ijebu-Ode, jihar Ogun. Ana cikin hidimar ne wasu masu addinin gargajiya suka iso domin su karɓi gawar, jami'an tsaro, har da sojoji, suka tare su suka fitar da su. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyoyin masu gargajiyar suka ce za su kai gwamnatin Ogun da iyalan mamacin kotu.

Bahaushen da ya ga wannan labari zai iya cewa ina abin magana a nan? Musulmi ya rasu, an yi masa sutura irin ta Musulmi. Amma a ƙasar Yarabawa maganar ba ta tsaya nan ba, domin mutum uku ne ke riƙe da sarki tun yana raye: iyalinsa da addininsa, masu gargajiyar da suka naɗa shi, da gwamnan da ya miƙa masa sanda. Ranar da ya mutu ne kowannensu yake fitowa da hujjarsa.

## Kalmomin da ake ta ambata

Oba shi ne sarki, amma kowane gari da sunan sarautarsa: Ooni a Ile-Ife, Alaafin a Oyo, Olubadan a Ibadan, Alake a Abeokuta, Awujale a Ijebu-Ode, Soun a Ogbomoso. Babu wani sarki guda da ke mulkin Yarabawa duka, kuma al'adar wannan fada ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba.

Isese, ana furta shi Isheshe, shi ne sunan da masu addinin gargajiya suke kiran addininsu, ma'anarsa tushe ko asali. Sun yarda da Mahalicci guda, Olodumare ko Olorun, sannan a ƙarƙashinsa akwai orisha, waɗanda suke ɗauka a matsayin tsani tsakaninsu da shi: Ogun na ƙarfe da yaƙi, Shango na tsawa, Oshun ta kogi da haihuwa, Obatala, da sauransu da yawa. Su ba sa yarda a kira abin da suke yi tsafi ko bautar gumaka, kuma wannan ƙin yana cikin abin da ke zafafa musu.

Ifa shi ne tsarin dubansu. Mai yin sa, babalawo, yakan zauna da farantin katako da aka barbaɗa wa gari, yana juya ƙwallayen kwakwar manja goma sha shida a hannunsa, yana zana layuka a kan garin har alama ta fito. Alamomin nan 256 ne, ana kiransu odu, kowacce da baitocinta da labaranta da ake haddacewa shekara da shekaru. A garuruwa da yawa, masu zaɓen sarki sukan nemi Ifa ya tantance 'yan takara.

Osugbo shi ne sunan da Ijebu ke kiran ƙungiyar dattawan da wasu Yarabawa ke kira Ogboni. Kafin zuwan Bature su ne majalisa kuma su ne kotun ƙoli, suna yanke hukunci har na kisa, suna taka wa sarki burki. Oro kuma, ƙungiyar asiri ta maza, shi ne hannun da ke zartar da hukuncin, kuma har yau idan zai fito ana hana mata da baƙi leƙowa waje. Sai Ipebi, ɗakin keɓewa da sabon sarki ke shiga kafin a sa masa kambi. Da can wata uku ake yi a wurare da dama, yanzu an rage. Alaafin na yanzu, Abimbola Akeem Owoade, kwana 21 ya yi a 2025.

## Sarkin da ba a cewa ya mutu

A tunanin Yarabawa na dauri, sarki ba mutum ne kamar kowa ba. Kirarinsa shi ne mai iko, na biyun orisha. Gaisuwarsa Kabiyesi, wato wanda ba a tuhuma. Kambinsa na duwatsun ado yana da tuntaye masu sauka su rufe fuska, domin ba a son a ga mutumin da ke ciki, sarautar ake son a gani. Manyan gidajen sarauta suna danganta kambinsu da Oduduwa, wanda suke ɗauka kakan Yarabawa, na Ile-Ife, inda suka ce duniya ta fara. Idan sarki ya mutu ba a cewa ya mutu, sai a ce ya shiga rufin ɗaki.

Wannan girma yana da farashi. A tsohuwar daular Oyo, wadda Hausawa ke kiran babban birninta Katunga, majalisar mutum bakwai, Oyo Mesi, tana da ikon aika wa Alaafin ƙwarya rufe idan ta ƙi shi, kuma ma'anar saƙon ita ce ya kashe kansa. Akwai kuma waɗanda aikinsu shi ne su bi sarki lahira, ana ce musu abobaku. Wannan al'ada ta kai har shekarun 1940 a Oyo, lokacin da wani jami'in mulkin mallaka ya hana mai riƙe da dokin Alaafin cika alkawarin. Daga nan ta mutu.

Abin da ake nufi da duk wannan shi ne jikin sarki mallakar gari ne. Tun ranar da ya shiga Ipebi ya bar hannun iyalinsa. Idan ya kwanta dama, masu gargajiya ne ke karɓar gawar, su yi abin da za su yi a ɓoye, su binne shi a makwancin magabatansa, kuma sau da yawa 'ya'yansa ba sa ganin kabarin. Sun yi imanin cewa ta wannan hanya ce ikon sarauta ke wucewa daga na jiya zuwa na gobe, kuma in an tsallake ta gari ba zai zauna lafiya ba.

A nan ne magana mafi nauyi take. An daɗe ana cewa akan cire zuciyar sarkin da ya mutu a ba magajinsa, kuma tsofaffin marubutan tarihin Oyo sun ambaci haka. Masu wannan zance sukan kafa hujja da cewa a Yarabanci hawa gadon sarauta ana ce masa cin sarki. Sai dai wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin mu ma muna cewa wane ya ci sarauta, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ba tare da an tauna komai ba. Shugabannin Isese na yau suna musanta cewa ana taɓa gawa, suna cewa ƙazafi ne da aka ƙulla don a ɓata su. Amma tunda aikin a asirce ake yin sa, kuma mai yin sa ya yi rantsuwar ba zai faɗa ba, babu yadda za a kashe zargin. Sirrin da ke ba al'adar kwarjini shi ne kuma yake ba masu zarginta makami.

## Yadda addinai biyu suka shiga gidan

Musulunci ya daɗe a ƙasar Yarabawa. Sunan da suke kiransa, addinin Imale, yana nuna cewa ta hannun fataken Mali ya fara isa gare su, sannan Nufawa da Hausawa da Barebari suka ƙarfafa shi. A farkon ƙarni na 19 aka yi tawayen Afonja, babban kwamandan yaƙin Oyo, a Ilorin, inda ya haɗa kai da malami Bafulatani Shehu Alimi, kuma bayi Hausawa da yawa da ke ƙasar Oyo suka gudu suka shiga rundunar. Ƙarshenta Ilorin ta zama masarauta a ƙarƙashin tutar Gwandu, tsohon birnin Oyo ya watse a tsakiyar shekarun 1830, sannan mayaƙan Ibadan suka tsayar da dawakin Ilorin a Osogbo wajen 1840.

Wannan tsayarwa ita ce mabuɗin fahimtar bambancin da ke tsakanin sarautar Yarabawa da ta ƙasar Hausa. A Kano da Katsina da Zazzau jihadi ya sauya tushen sarautar kanta, aka ɗora ta a kan tuta da shari'a. A kudu da Ilorin ba a yi haka ba. Mutane sun ci gaba da musulunta ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar kasuwanci da aure da malamai, amma gadon sarauta ya zauna a kan tsohon harsashinsa. Kiristanci ma da ya shigo ta Badagry a 1842, ya kafu a Abeokuta a 1846, haka ya yi: ya samu mutane, bai sauya kambi ba. Shi ya sa a yau za ka tarar da gida guda da liman da fasto da babalawo, duk 'yan uwa, ana cin naman layya tare ana cin shinkafar Kirsimeti tare, kuma daga cikin wannan gida ne za a zaɓi sarki.

Ijebu ta daɗe tana rufe ƙofarta ga baƙi, har sai da Turawan Ingila suka ci ta da yaƙi a Imagbon a watan Mayun 1892. Bayan wannan ne addinan biyu suka bazu da sauri, Musulunci ya samu manyan mutane irin su jagoran yaƙi Balogun Kuku. Daga nan bikin Ojude Oba ya samo girmansa. Kwana na uku bayan Babbar Sallah, Musulmi kan je gaishe da Awujale su gode masa da ya bar su suna addininsu. Yau bikin ya zama na kowa. Ƙungiyoyin sa'anni, regberegbe, maza da mata, kowacce da ankonta na leshi ko saƙi, sukan zo jere su durƙusa gaban sarki, sannan zuriyar jarumawan yaƙi su shigo kan dawakai da ado ana harba bindigogin toka. Wanda ya san hawan sallah zai ga kama. Amma a wannan ƙasa ta Ijebu ɗin dai, kowace damina ana yin bikin gargajiya na Agemo, wanda mata ba sa kallon kayansa, kuma Awujale na da gurbi a cikinsa. Kujera ɗaya ce take karɓar gaisuwar biyun.

## Dokar Ogun da yadda kowa ke karanta ta

Oba Adetona bai ɓoye matsayinsa ba. Ya yi shekaru yana faɗa a fili cewa shi Musulmi ne kuma a matsayin Musulmi yake son a binne shi, kuma yana kan gaba cikin waɗanda suka matsa a yi doka. Majalisar dokokin Ogun ta zartar da dokar sarakuna ta 2021, Gwamna Dapo Abiodun ya sa mata hannu a watan Janairun 2022. Abin da babu musu a kansa shi ne dokar ta haramta yanka gawar sarki, da cin wani sashe nata, da kashe mutum da sunan naɗi ko jana'iza, kuma ta sa hukunci a kan haka.

Inda aka rabu shi ne abin da ya wuce wannan. Gwamnati da iyalan sarki da shugabannin Musulmi sun fahimci cewa dokar ta buɗe wa sarki hanya a binne shi bisa addininsa. Masu Isese kuwa suna cewa a cikin dokar kanta an rubuta cewa za a binne sarki bisa al'adar ƙasarsa, an dai cire taɓa gawa ne kawai, kuma majalisar sarakunan yankin ce ke fayyace yadda al'adar take. A ganinsu, doka ta gyara al'ada ne, ba ta soke ta ba.

Hujjar ɓangaren farko ta dogara ga sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini. Suna cewa kambi ba ya cire mutum daga cikin 'yan ƙasa. Musulmi yana da hakkin wanka da likkafani da sallah da gaggauta binnewa, kuma 'ya'yansa na da hakkin su san kabarin mahaifinsu su ziyarce shi. Sun ƙara da cewa al'ada ba dutse ba ce, tunda an bar abobaku an bar ƙwaryar kisa kuma sama ba ta faɗo ba. Suna kuma tunatarwa cewa mafi yawan talakawan sarkin Musulmi ne da Kiristoci, to al'adar wa ake karewa?

Hujjar masu gargajiya ita ma ba ta banza ba ce. Suna cewa ba a tilasta wa kowa sarauta. Wanda ya nema ya san sharuɗɗanta, ya shiga Ipebi da ƙafarsa, ya karɓi kambin da aka yi wa addu'ar orisha, ya ci moriyarsa shekara da shekaru. In ya karɓi farkon, ba daidai ba ne ya ƙi ƙarshen. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Suna kuma kawo misali da cewa ba wanda zai yarda a naɗa liman ko bishop sannan ya ce a binne shi ta wata hanyar daban. Sannan sashe na 38 ɗin nan, in ji su, su ma ya rufe su, kuma turo sojoji su kori dattawan gari daga jana'izar sarkinsu wulaƙanci ne da gwamnati ba za ta yi wa wani addini ba.

In aka auna, kowane ɓangare yana da inda ya fi ƙarfi da inda yake da rauni. Misalin liman bai zauna daidai ba, domin sarkin yau ba shugaban masu Isese kaɗai ba ne, albashinsa daga asusun jama'a yake fita kuma gwamnati ce ke tabbatar da shi. Haka nan maganar 'yancin mutum ba ta amsa tambayar da aka yi ba, wato me ya sa aka karɓi naɗin gargajiya tun farko. Ainihin giɓin shi ne ba a rubuta wa mai neman sarauta sharaɗin jana'izarsa tun ranar naɗi, sai a bari sai gawa tana kwance a fara jayayya.

Ikon gwamna a wannan sha'ani ba sabon abu ba ne, kuma tarihin Adetona kansa shaida ne. Gwamnan Ogun Bisi Onabanjo ya dakatar da shi a 1981, aka kai ga yanke shawarar tuɓe shi, sai juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, wanda ya kawo Buhari, ya kawar da gwamnatin, kotu kuma ta ba shi gaskiya daga baya. Mutanen Kano sun san irin wannan labari.

## Kowane gari da yadda ya warware tasa

Ijebu ba ita ce ma'aunin ƙasar Yarabawa duka ba. A Ibadan, inda sarauta ke bin layin girma daga mataki zuwa mataki kuma ba ta da nauyin tsarki irin na Ife ko Oyo, an binne Olubadan Saliu Adetunji a 2022 da Lekan Balogun a 2024 bisa tsarin Musulunci ba tare da wata babbar hayaniya ba. A Oyo, da Alaafin Lamidi Adeyemi ya rasu a watan Afrilun 2022, an raba aikin biyu: malamai suka yi masa sallah, masu gargajiya suka yi nasu. A Ife, da Ooni Okunade Sijuwade ya rasu a Landan a ƙarshen Yulin 2015, fada ta ƙi tabbatar da labarin kusan mako biyu ko da yake duniya ta riga ta ji, sannan aka fitar da Oro aka ce kowa ya zauna a gida, aka kuma yi taron addu'a na addinai.

Akwai kuma sarakunan da tun suna raye suka ja layi. Oluwo na Iwo, Abdulrasheed Akanbi, ya fito fili yana ƙin duk wata hidimar orisha a fadarsa, kuma ya yaba da yadda aka binne Awujale. A Ogbomoso an naɗa fasto, Ghandi Olaoye, a matsayin Soun a 2023. A ɗaya gefen, masu Isese ma sun farka. Sun samu gwamnatocin Legas da Ogun da Oyo sun ba da hutun ranar 20 ga Agusta tun 2023, bayan Osun da ta riga su, kuma suna da lauyoyi da 'yan boko da mabiya a Brazil da Cuba da Amurka. Addinin da aka zaci yana mutuwa yanzu yana neman kujerarsa a teburin gwamnati.

## Inda abin ya taɓa talaka

Mai sayar da goro a Sabo na iya ganin wannan rigimar manya ce. Ba haka ba ne, domin hidimar mutuwar sarki ba a cikin fada kaɗai take tsayawa ba. Akan rufe kasuwanni, akan sa dokar hana fita, akan fito da Oro. Wanda ya taɓa kwana a Ikorodu ko Shagamu a irin wannan dare ya san sautin: ɗan falankin katako ne ɗaure da igiya ana wulwula shi a iska, yana wani irin gurnani mai tashi da sauka, ƙofofi a kulle, fitilu a kashe. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da direban da ya taso daga Arewa da lodin tumatir, da mai fita sallar asuba, duk dokar ta hau kansu ko sun yarda da ita ko ba su yarda ba.

Hausawan kudu sun san inda wannan kan kai. A watan Yulin 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu bayan an zargi wata mata Bahaushiya da fitowa lokacin Oro, aka kashe mutane da dama, aka ƙona gidaje da shaguna, sannan aka yi ramuwar gayya a Kano. Shekara da shekaru na zaman tare a kan cinikin goro suka girgiza cikin 'yan kwanaki. A 2018 wata babbar kotun jihar Ogun, a shari'ar da ta taso daga yankin Ipokia, ta hana sa dokar hana fita ta Oro da rana, ta taƙaita shi zuwa tsakar dare. Duk hukuncin da zai fito kan jana'izar sarki zai shafi yadda ake kallon irin wannan iyaka: ina ikon al'ada ya tsaya a kan wanda ba mabiyinta ba, kuma ina ikon gwamnati ya tsaya a kan al'ada.

Abu na biyu shi ne gado. Gidajen sarautar Awujale huɗu ne, suna karɓa bi da bi, kuma bayan Anikinaiya, gidan Adetona, layi ya zo kan Fusengbuwa. Wanda aka zaɓa zai tarar da masu gargajiyar da aka kora daga jana'izar wanda ya gada, kuma su ne al'ada ta ɗora wa shigar da shi ɗakin keɓewa. Idan suka gindaya masa sharaɗin ya amince tun yanzu da jana'izar gargajiya, Musulmi da Kiristocin gidan za su shiga tsaka mai wuya. Idan aka tsallake su aka naɗa, wanda ya faɗi takara ya samu ƙofar zuwa kotu da hujjar cewa naɗin bai cika ba. Shari'ar sarauta a Nijeriya kuwa takan ɗauki shekaru, kuma a tsawon wannan lokaci rigingimun filaye da na kasuwa da na iyaka, waɗanda fada ke sasantawa kafin su kai ga 'yan sanda, sai su rasa mai sauraronsu.